Gidan Astor: yadda zuriyar mahauci ta samu sarauta a Ingila, da inda dukiyarta ta tafi

"Malam, na ji an ce wanda ya fi kowa kuɗi a cikin fasinjojin jirgin ruwan Titanic sunansa Astor. Sai kuma na ji cewa mace ta farko da ta zauna a majalisar dokokin Birtaniya ita ma Astor ce. Shin gida ɗaya ne? In kuwa ɗaya ne, yaya aka yi Amurkawa suka zama masu sarauta a Ingila, kuma me ya sa a yau ba ma jin sunansu cikin manyan attajiran duniya?"

Gida ɗaya ne. John Jacob Astor na huɗu, wanda ya nutse da Titanic ranar 15 ga Afrilu 1912, da William Waldorf Astor, surukin Nancy Astor wadda ta shiga majalisa a 1919, 'ya'yan wa da ƙani ne. Tambayarka ta haɗa abu uku: yadda aka tara dukiyar, yadda wani reshe na gidan ya ƙetare teku ya samu sarauta, da yadda dukiyar ta watse. Na yi shekaru ina koyar da tarihin tattalin arziki, kuma duk lokacin da na zo kan darasin gado nakan ɗauko wannan gida, domin abin da ya tara dukiyarsu da abin da ya riƙe ta ba ɗaya ba ne. Fatauci ya tara ta, amma filaye da tsarin rabon gado ne suka riƙe ta har tsawon shekara ɗari.

Ɗan mahaucin Walldorf

An haifi kakan gidan, John Jacob Astor na farko, a 1763 a Walldorf, wani ƙaramin gari kusa da Heidelberg a Jamus. Ubansa mahauci ne. Yana da shekara 16 ya bi yayansa Landan, inda suke sana'ar ƙera kayan kiɗa da bushe-bushe, a nan ya koyi Turanci. A 1784 ya sauka a Amurka da 'yan sarewa na sayarwa, yaƙin neman 'yancin ƙasar bai daɗe da ƙarewa ba. Bai jima a kan kayan kiɗan ba ya koma cinikin fatu, musamman fatar wata dabbar ruwa mai laushin gashi da ake kira biba, wadda da gashinta ake yin hulunan manyan mutane a Turai. Yakan shiga daji da kansa ya saya daga hannun ƙabilun asali na ƙasar, ya gyara, ya kai Landan. Matarsa Sarah Todd, wadda ya aura a 1785, ta iya tantance fata ƙwarai, kuma tana da hannu a cinikin.

Daga nan ya sayi jirage ya shiga safarar ƙasar Sin, yana kai fatu tashar Canton yana dawowa da ganyen shayi da siliki. A 1808 ya kafa kamfanin American Fur Company, a 1811 kuma mutanensa suka gina sansanin ciniki a bakin Kogin Columbia, can gaɓar yamma, suka sa masa suna Astoria. Yaƙin da ya ɓarke tsakanin Amurka da Birtaniya a 1812 ya raba shi da sansanin, amma garin da ke wurin har yau sunansa ke nan. Akwai abubuwa biyu da masu yabon gidan sukan tsallake. Na ɗaya, daga 1816 ya yi 'yan shekaru yana fasa-ƙwaurin ofiyom, ƙwayar nan mai bugarwa, daga Turkiyya zuwa Sin, alhali hukumar ƙasar ta haramta ta. Na biyu, wakilan kamfaninsa sun yi ta amfani da barasa wajen sayen fatu daga 'yan asalin ƙasa, abin da ya yi wa al'ummominsu mummunar illa.

A 1834 ya wanke hannunsa daga cinikin fatu gaba ɗaya, domin ya lura hular siliki ta fara korar ta gashin biba a kasuwannin Turai, dabbar kuma tana ƙarewa a daji. Ya fita tun kasuwar ba ta watse ba.

Dabarar filaye

Tun kafin ya bar fatu yana zuba ribarsa a gonaki da filayen da ke bayan garin New York, a tsibirin Manhattan. A 1800 mutanen birnin ba su wuce 60,000 da 'yan kai ba, kuma duk sun taru ne a ƙarshen tsibirin ta kudu. Ruwa ya kewaye su, saboda haka birnin ba shi da inda zai faɗaɗa sai arewa, kuma can Astor ya riƙa saye. Wata gona da ake kira Eden, wadda ta shigo hannunsa kan dala 25,000, tana daidai yankin da a yau ake kira Times Square. Zuwa 1850 mutanen birnin sun haura rabin miliyan.

Yadda yake tafiyar da filayen shi ne abin lura. Ba ya son sayarwa, kuma ba kasafai yake gini da kuɗinsa ba. Yakan ba da hayar fili na tsawon shekara 21. Ɗan haya ne zai yi gini, shi ne zai biya harajin gwamnati, shi ne zai yi gyara, in wa'adi ya cika kuma a sabunta yarjejeniya a kan sabon farashi ko ginin ya koma hannun mai fili. Haka kuma yana ba da bashi a kan jinginar gida, kuma lokacin da tattalin arziki ya durƙushe a 1837, mutane da yawa suka kasa biya, gidajensu suka zama nasa. Wannan tsari yana da wani amfani gare su da ba a cika faɗa ba. A kan filayen Astor aka gina da yawa daga cikin gidajen hayan nan masu cunkoso, marasa iska da haske, inda baƙin haure daga Ayalan da Jamus, daga baya kuma Italiya da gabashin Turai, suke kwana a cushe. Idan aka yi ƙorafi, gidan Astor sai su ce ginin ba nasu ba ne, su ƙasa kawai suka ba da haya.

Da ya rasu a watan Maris 1848 ya bar kimanin dala miliyan 20, babu wanda ya kai shi a Amurka. Ɗalibai kan tambaye ni nawa ke nan a kuɗin yau, ni kuwa ba na ba su adadi ɗaya, domin in ka auna da farashin kaya za ka samu wani abu, in ka auna da girman tattalin arzikin ƙasar a lokacin za ka samu ninkin-ba-ninkinsa. Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya ƙwal, tambaye shi da wane mudu ya auna.

Sai maganar wasiyya. Ya ware dala 400,000 don gina ɗakin karatu, wanda a 1895 aka haɗe shi da wasu ya zama babban ɗakin karatun jama'a na New York. Ya ba 'ya'ya mata da jikoki abin da zai riƙe su, amma gundarin dukiyar ya danƙa wa ɗa ɗaya, William Backhouse Astor. Wanda ya saba da rabon gado na Musulunci, inda kowane magaji yake da kasonsa da mamaci ba shi da ikon hana shi, zai ga wannan baƙon abu ne, amma dokarsu ta ba mutum damar ya bar dukiyarsa ga wanda ya ga dama. A aji nakan sa ɗalibai su yi lissafi a allo. A ce kowane mutum ya haifi 'ya'ya huɗu kuma aka raba daidai: ɗa ya samu kashi ɗaya cikin 4, jika ɗaya cikin 16, tattaɓa-kunne ɗaya cikin 64. Dala miliyan 20 ta koma kusan dubu 300 a hannun kowa. Abin da Astor ya guje wa ke nan. William ya bi sawun ubansa sau da ƙafa har ake masa laƙabi da mai gidan hayan New York, kuma da ya rasu a 1875 ya raba gundarin dukiyar ga 'ya'ya maza biyu kawai. Na ukun, Henry, an rage masa rabo ƙwarai saboda ya auri ɗiyar wani talaka mai aikin gona. Daga waɗannan biyun gidan ya rabu reshe biyu.

Rigimar suna da ƙaura zuwa Ingila

Matar ƙaramin cikin 'yan'uwan nan biyu, Caroline, ita ce ta zama uwar manyan gari a New York. Wanda ta gayyata rawar da take shiryawa duk shekara ya shiga sahun manya, wanda ba ta gayyata ba kuwa ko nawa ya mallaka yana waje. A zamaninta aka fara maganar "mutum ɗari huɗu", wai su kaɗai ne suka isa a zauna da su a birnin. Abin dariya a nan shi ne, kakan mijinta da hannunsa yake kakkaɓe fatu, ita kuwa tana yi wa gidan Vanderbilt kallon sababbin kuɗi don sun samu arzikinsu a jirgin ƙasa.

William Waldorf, ɗan babban wa, mutum ne mai zurfin ciki da saurin fushi. Ya nemi kujerar majalisar tarayya ya faɗi, jaridu suka yi ta masa ba'a, daga baya ya yi jakadancin Amurka a Italiya daga 1882 zuwa 1885, inda ya kamu da son kayan tarihi da rayuwar manyan Turai. Da ubansa ya rasu a 1890 ya ga cewa shi ne shugaban gida, don haka matarsa ce ta cancanci a kira ta "Misis Astor" kurum ba tare da ƙarin suna ba. Caroline ta ce ba ta san zancen ba. A 1891 ya kwashe iyalinsa ya koma Ingila, kuma ana danganta masa maganar cewa Amurka ba wurin zaman mutumin kirki ba ne. Kafin hankalin kowa ya kwanta ya sa aka rushe gidan ubansa, wanda ke maƙwabtaka da na Caroline, aka gina otal mai hawa 13 a wurin, aka buɗe shi a 1893 da sunan Waldorf. Hayaniya ta kori tsohuwar. Ɗanta, wanda daga baya ya mutu a Titanic, ya rushe nasu gidan ya gina otal da ya fi wancan tsawo a 1897, ya kira shi Astoria. Da yake kuɗi ba su san gaba ba, sai aka haɗe biyun da baranda suka zama Waldorf-Astoria, da sharaɗin za a iya toshe barandar in rigima ta sake tashi. A 1929 aka rushe shi, a wurinsa aka gina dogon benen Empire State.

A Ingila William Waldorf ya bi hanyar da duk mai neman shiga cikin manyan ƙasar yake bi. Ya sayi jaridar Pall Mall Gazette a 1892, ya sayi gidan Cliveden a bakin Kogin Thames daga hannun mai sarautar Westminster a 1893, ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1899, ya sayi ganuwar Hever a 1903, gidan da Anne Boleyn matar Sarki Henry na takwas ta tashi, sannan ya sayi jaridar Observer a 1911. Ya ba jami'o'i da asibitoci da jam'iyyar masu ra'ayin riƙau kyauta mai tsoka, da yaƙin duniya na farko ya zo kuma ya ƙara buɗe hannu. A 1916 aka naɗa shi Baron, a 1917 aka ɗaga shi zuwa Viscount, wanda shi ne mataki na huɗu a cikin matakai biyar na sarautar gado a ƙasar in aka ƙirga daga sama, Baron kuwa shi ne na biyar.

Ko sayen sarautar ya yi? Jaridu a ƙasashen biyu haka suka ce a lokacin. Ba zan iya rantsuwa cewa an zauna an yi ciniki ba, domin irin wannan abu ba a rubuta masa rasit. Abin da zan iya cewa shi ne, a wancan zamani ba da sarauta ga masu taimaka wa jam'iyya da kuɗi ya zama ruwan dare, har abin ya zama abin kunya a 1922, aka yi dokar hana shi a 1925. A ganina, in ba don dukiyarsa ba da babu wanda zai tuna da shi. Kuma dukiyar ba ta ƙaura tare da shi ba, tana nan a Manhattan. Kuɗin hayan talakawan New York ne suke ƙetare teku duk wata suna gyara lambunan Cliveden.

Na taɓa ziyartar gidan a wata tafiya da na yi Ingila. Daga Landan na shiga jirgin ƙasa na sauka a Taplow, na biya kuɗin shiga kamar kowa. In ka tsaya a bayan gidan, a ƙarƙashinka akwai wata doguwar katangar ado ta dutse da bulo wadda William Waldorf ya saya sukutum daga lambun Borghese a Roma, ya sa aka kwance ta aka ɗauko. Gaba da ita ga lambu shimfiɗe, can ƙasa kogin yana tafiya a hankali. A gefen tudu akwai wani ɗan gini mai kusurwa takwas da ya mai da shi ɗakin ibada, a ciki aka ajiye shi da ɗansa da Nancy. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yara 'yan makaranta da na gani suna guje-guje a ciyawar, domin mutumin da ya saye ta ya kewaye wurin da katanga ne takanas don kada jama'a su leƙo.

'Ya'yan da suka gaji sarauta

Sarautar da uban ya sha wahalar nema ita ce ta ɓata tsakaninsa da babban ɗansa. Waldorf Astor ɗan majalisar wakilai ne daga Plymouth tun 1910, yana da burin siyasa, kuma dokar lokacin ta ce wanda ya gaji sarauta dole ya bar kujerar zaɓe ya koma majalisar masu sarauta. Da uban ya rasu a 1919 ya nemi ya ajiye sarautar, doka ta hana, sai a 1963 aka ba da wannan dama. Matarsa Nancy, haifaffiyar jihar Virginia da ya aura a 1906, ta tsaya takarar kujerar ta ci, ta shiga zauren ranar 1 ga Disamba 1919. A nan akwai ɗan gyara ga yadda ake ba da labarin: wadda aka fara zaɓa ita ce Constance Markievicz a 1918, amma jam'iyyarta ta masu neman 'yancin Ayalan ba ta zama a majalisar Landan, don haka Nancy ce ta fara zama. Ta yi shekara 25 da 'yan watanni a kujerar, har 1945, kuma ita ta kawo dokar 1923 da ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba giya a mashaya. Tana da baki da ƙarfin hali, amma tana da ƙyamar Yahudawa da 'yan Katolika wadda ba ta ɓoyewa. A ƙarshen shekarun 1930 aka zargi masu taruwa a gidanta da goyon bayan lallaɓa Hitler. An zuzuta zargin fiye da kima, domin babu wata gwamnatin ɓoye a Cliveden, amma ra'ayin sasantawa da Jamus tabbas yana da ƙarfi a teburin cin abincinta.

Ƙanin Waldorf, John Jacob na biyar, ya sayi jaridar Times a 1922, ya samu tasa sarautar ta Hever a 1956, sai gidan ya zama da sarauta biyu. Wanda nake ganin ya fi kowa amfani a zuriyar shi ne David Astor, ɗan Nancy, editan Observer daga 1948 zuwa 1975. Ya goyi bayan 'yancin ƙasashen Afirka tun abin bai zama yayi a Landan ba, ya yaƙi wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, ya taimaki Nelson Mandela da littattafai yana kurkuku. A 1956 ya soki gwamnatinsa kan harin da ta kai Masar saboda mashigin Suez, masu karatu da masu talla suka gudu, bai janye ba. A shafin jaridarsa ne kuma, ranar 28 ga Mayu 1961, lauya Peter Benenson ya buga kiran da ya haifar da ƙungiyar Amnesty International. Bayan 'yan makonni, a bakin kwamin wanka na Cliveden, gidan Bill, yayan David, ministan yaƙi John Profumo ya haɗu da wata budurwa mai suna Christine Keeler, suka fara soyayya a ɓoye. Abin kunyar da ya biyo baya ya ci kujerar ministan a 1963, ya zubar da mutuncin Bill, wanda ya rasu a 1966.

Ina kuɗin suka shiga

Abu na farko shi ne haraji. Tsarin kakansu an gina shi ne a zamanin da gwamnatin tarayyar Amurka ba ta taɓa gado. A 1913 aka kafa harajin kuɗin shiga na dindindin, a 1916 aka kawo harajin gado. A Birtaniya harajin gado na zamani ya fara a 1894, kuma zuwa 1949 mafi girman matakinsa ya kai kashi 80 cikin ɗari. Gidan da ke da dukiya a wata ƙasa, magada a wata, kowace mutuwa sai ta ci masa kaso babba. Filayen su ma ba su ci gaba da haihuwa kamar da ba, domin jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1904 ya ba talaka damar zama nesa da tsakiyar birni, dokar 1924 ta rage kwararowar baƙin haure, dokokin gini da na ƙayyade haya kuma suka matse masu gidaje.

Amma a ra'ayina babban dalili yana cikin gida. Reshen Ingila sun juya dukiya mai kawo kuɗi zuwa dukiya mai cin kuɗi. Katafaren gida da barori da lambu, da jaridar da ake riƙe da ita don faɗa-a-ji, duk baki ne buɗe. Sun kuma bar al'adar tara komai a hannun mutum ɗaya, 'ya'ya da yawa kowa da asusunsa, sai lissafin nan na allo ya fara aiki. A 1942 Waldorf ya miƙa Cliveden ga hukumar adana kayan tarihi ta National Trust, iyalin suka bar gidan bayan rasuwar Bill, yanzu otal ne. An sayar da Times a 1966, Observer a 1976, Hever a 1983. Sarautun biyu suna nan, zuriyar kuma masu hali ne har yau, Viscount na huɗu shi ne mijin uwar Samantha, matar tsohon Firayim Minista David Cameron. Sun dai sauka daga sahun da kake tambaya a kai.

A Amurka abin ya bi wata hanya. Mutumin Titanic ya bar kusan dala miliyan 87, mafi yawanta ga ɗansa Vincent, wanda shekarunsa 20 a lokacin. Vincent bai ji daɗin abin da ya tarar ba. Ya sayar da filaye masu yawa, kuma wasu tsofaffin gidajen haya da ya sallama wa hukumar birni da araha su ne suka zama First Houses a 1935, rukunin gidajen gwamnati na farko a New York. Bai haihu ba. Da ya rasu a 1959 kaso babba ya tafi gidauniyarsa, matarsa Brooke ta riƙe ta har 1997, ta raba kusan dala miliyan 200 ga ɗakunan karatu da gidajen tarihi da unguwannin marasa galihu, duk a cikin birnin da aka tara kuɗin. Ta rasu a 2007 tana da shekara 105, bayan shekara biyu kotu ta samu ɗanta na wani auren da laifin wawure mata dukiya a lokacin da tsufa ya taɓa hankalinta.

Ko otal ɗin Waldorf Astoria da ke titin Park Avenue, wanda mutane da yawa suke ɗauka nasu ne, suna kawai ya gada daga na farkon, wasu ne suka gina shi a 1931. A 2014 wani kamfanin inshora na ƙasar Sin mai suna Anbang ya sayi ginin kan dala biliyan 1.95.